Inshorar Lafiyar Tsofaffi a Gidan Mai Ciki: Tsari Mai Magani ko Marar Magani?

 Darasinmu na wannan fitowa zai duba katin inshorar lafiya da ake yanka wa tsofaffi, musamman na kamfanoni masu zaman kansu, da bambancin da ke tsakanin wanda ya haɗa da kuɗin magani da wanda bai haɗa ba.

Wata za ta ce, ina ruwan ungozoma da inshorar tsofaffi? To, 'yar'uwa, a gidajenmu na Damari da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara tukunya ɗaya ce, aljihu ma ɗaya ne. Kuɗin da maigida ya keɓe don awo da haihuwa da ragon suna, shi ake fara taɓawa ranar da jinin Baba ya hau. Haka kuma tsohuwar da za ta zauna miki jego, ta dafa miki ruwa, ta riƙe jariri ki samu barci, in ba ta da lafiya ke ma hutunki ya ragu. Don haka wannan magana taki ce, kuma ta maigida ce.

MECE CE INSHORAR LAFIYA?

Inshorar lafiya ita ce mutane da yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da lafiya, domin duk wanda ciwo ya kama a cikinsu a yi masa magani daga wannan asusu. Ta yi kama da adashi ta wajen zubi. Inda suka rabu shi ne, a adashi kowa na da ranar kwasa, a nan kuwa wanda ya kwanta ne ake kashe wa. Wanda shekara ta zagayo bai yi ciwo ba sai ya gode wa Allah, zubinsa ya taimaki wani. Wannan ya sa a jihohinmu na Arewa ake kiran shirin da suna taimakekeniya.

A Nijeriya an kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbinsa da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Jihar Katsina na da tata hukumar taimakekeniya, KATSCHMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Bayan waɗannan akwai kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, irin su Hygeia da AXA Mansard da Avon da Reliance, masu sayar da kati ga ma'aikatu da ɗaiɗaikun mutane. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye.

Kai maigida ma'aikacin gwamnatin tarayya, ka lura da wannan. Katinka ya ɗauke ka, da mata ɗaya, da 'ya'yan cikinka 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mahaifiyarka da mahaifinka ba sa ciki, sai fa in ka yi musu rajista daban da ƙarin kuɗi. Mutane da yawa sai sun kawo tsohuwa asibiti an ba ta gado sannan suke sanin haka.

DON ME MAGANI YA ZAMA GINSHIƘIN MAGANAR?

Ciwon yaro da na matashi yawanci mai zuwa ne ya wuce: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, rauni. A sha magani kwana 3 ko 5, a warke. Ciwon tsufa ba haka yake ba. Hawan jini, ciwon suga, ciwon gaɓoɓi, asma, ciwon zuciya, hawan jinin ido da kumburin mafitsara na maza, duk cututtuka ne da ake lallaɓawa da magani kullum, galibi har ƙarshen rayuwa. Tsoho zai iya shekara bai kwana a asibiti ba, amma bai isa ya yi mako ba tare da ƙwayoyinsa ba. Saboda haka a lissafin kula da tsoho, kuɗin ganin likita ƙarami ne. Babban kashin kuɗin yana wajen mai sayar da magani.

Farashin magani kuma ya yi tashin gwauron zabi tun daga 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi, domin mafi yawan magungunanmu ko kayan haɗa su daga waje ake shigo da su. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya, masu asma suka ji a jikinsu wajen sayen abin shaƙa. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a wani umarni na janye haraji daga kayan haɗa magani domin a samu sauƙi. Duk da haka iyalai da yawa har yanzu suna fama.

Abin da muke gani in kuɗi ya yi ƙaranci iri ɗaya ne. A raba ƙwaya biyu. A sha yau a tsallake gobe. A daina sha tun da kai ya bar ciwo. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na zaune lafiya lau a ganinsa, alhali jinin ya haura 140 bisa 90 yana cin jijiyoyi a hankali. Ƙarshensa shi ne shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko kumburin zuciya. Jinyar mai shanyewar jiki na wata ɗaya ta fi kuɗin ƙwayar shekaru, ga wahalar ɗagawa da kwantarwa wadda yawanci a kan matan gida take faɗawa, har da mai tsohon ciki.

TSARI NA FARKO: KATI MARAR MAGANI

Wannan kati yakan biya kuɗin ganin likita, da wasu gwaje-gwaje, da kwanciya asibiti na 'yan kwanaki, da taimakon gaggawa, wani lokaci da ƙaramar tiyata. Yana iya biyan maganin zazzaɓi ko wanda aka ba majinyaci yana kan gado. Amma ƙwayoyin hawan jini da na suga da za a tafi da su gida duk wata, ku za ku saya.

Amfaninsa:
1. Kuɗin shekara ya fi sauƙi.
2. Kuna da damar sayen magani inda ya fi muku kusa.
3. Yana tare babban bala'i, kamar faɗuwa da karaya ko ciwon da ya taso cikin dare.

Illarsa:
1. Duk ƙarin farashin da aka yi a kasuwa a kanku zai sauka.
2. Watan da hannu ya bushe, magani ya tsaya.
3. Neman araha kan kai mutum ga jabun magani a kasuwa ko wajen masu talla a faranti.

TSARI NA BIYU: KATI MAI HAƊE DA MAGANI

Wannan ya ƙunshi duk abin da na farko ya ƙunsa, sannan ya ƙara da maganin ciwo mai daɗewa. Ana karɓa a asibitin da aka zaɓa ko a kantin magani da kamfanin ya amince da shi.

Amfaninsa:
1. Kun san abin da za ku kashe tun farkon shekara.
2. Tsoho na samun magani a kai a kai, kuma daga wuri sananne.
3. Zuwa karɓar magani kan zama dalilin auna jini da suga duk wata.

Illarsa:
1. Ya fi tsada, kuma tsadar na ƙaruwa da yawan shekarun tsoho.
2. Kalmar "an haɗa da magani" na da sharuɗɗa a bayanta. A nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Sharaɗin iyaka. Kusan kowane kamfani na yanka adadin kuɗin maganin da zai biya a shekara. In an cinye wannan adadi a wata na 8, sauran wata 4 naku ne.

Sharaɗin ciwon da aka shigo da shi. In Inna na da ciwon suga tun kafin a yanka mata kati, wasu kamfanoni ba sa ɗaukar maganinsa sai bayan watanni, wasu sai shekara ta zagayo an sabunta, wasu kuma sai a kan ƙarin kuɗi. Kada ku ɓoye ciwo wajen cike takarda. In aka gano daga baya suna da hujjar ƙin biya.

Sharaɗin jerin magunguna. Kowane tsari na da jerin magungunan da yake bayarwa, yawanci masu sunan asali. Misali paracetamol sunan asali ne, Panadol sunan kamfani ne, amma sinadarin ɗaya ne. Magani mai sunan asali, matuƙar yana da lambar rajistar NAFDAC kuma ya fito daga hannu nagari, yana aiki. Matsalar ita ce in abin da likita ya ɗora Baba a kai, kamar allurar insulin ko ɗigon ido, ba ya cikin jerin gaba ɗaya.

Sharaɗin shekaru. Katin kowa da kowa na kamfanoni yawanci yana tsayawa a wajen shekara 60 ko 65. Daga nan sai katin tsofaffi na musamman, shi ma da tasa iyakar shekarun.

Sharaɗin cikon kuɗi. Wani tsarin ba ya biyan kuɗin magani duka, sai majinyaci ya cika wani kaso.

MU YI LISSAFI TARE

Alƙaluman da ke tafe na koyon lissafi ne kawai, ba farashin wani kamfani ba ne. Ku sa naku a gurbinsu.

A ce kati marar magani naira 90,000 ne a shekara. Mai magani kuma naira 180,000, amma iyakar maganin da zai biya naira 100,000 ce.

Misali na 1. Gwaggo na shan ƙwayar hawan jini ɗaya, ta naira 4,000 a wata, wato 48,000 a shekara. Da kati marar magani za a kashe 138,000. Da mai magani za a kashe 180,000. A nan marar magani ya fi sauƙi da naira 42,000.

Misali na 2. Inna na shan na hawan jini da na suga, naira 12,000 a wata, wato 144,000 a shekara. Da marar magani za a kashe 234,000. Da mai magani, kamfani zai biya 100,000, ku cika 44,000, jimla 224,000. Ribar naira 10,000 ce kacal.

Misali na 3. Innar dai, amma takardar ta ce ba a ɗaukar ciwon da aka shigo da shi a shekarar farko. Za ku biya 180,000 na kati, ku sayi magani na 144,000, jimla 324,000. Kun yi asarar naira 90,000 a kan abin da ba ku amfana da shi ba a wannan shekara.

Ga ƙa'idar da za ku riƙe. Ku cire kuɗin kati marar magani daga kuɗin mai magani, abin da ya rage shi ne farashin da kuke sayen alkawarin magani. A misalinmu 90,000 ne. Sai ku gwada shi da abu biyu: kuɗin maganin tsohonku na shekara, da iyakar da kamfani ya yanka. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun nan shi ne abin da za ku samu. In bai wuce farashin alkawarin ba, katin mai magani bai biya ku ba.

Kafin ku iya wannan lissafi sai kun san ainihin abin da tsohonku ke sha. Ku tattara kwalaye da takardun likita, ku kai wa ma'aikacin ɗakin magani ya rubuta muku sunan kowanne da ƙarfinsa da kuɗinsa na wata.

INA ASIBITIN YAKE?

Wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci ga mutanen karkara. Kamfanonin HMO yawancinsu hedkwatarsu na Legas ko Abuja, asibitocin da suke hulɗa da su kuma sun fi yawa a manyan birane. Sau da yawa ɗa mai aiki a Kaduna ko Abuja ko Legas yakan saya wa iyayensa kati ta waya da kyakkyawar niyya, sai a duba a ga asibitin da ke jerin yana Zariya ko Katsina ko Kano. Wanda ke Damari sai ya bi ta Ɗandume ya fito Funtuwa tukuna. Kowa ya san halin tsaro da hanyoyin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suka shiga a shekarun nan, ga kuma damina in ta sauka.

Mu koma misali na 2. In zuwa karɓar magani da dawowa na cin naira 3,000, sau 12 a shekara ya zama 36,000. Ribar 10,000 ta tafi, har da ciko. Don haka ku tambaya ko ana ba da maganin wata 2 ko 3 a lokaci guda ga wanda jininsa ya daidaita, kuma ko wani na iya karɓar wa tsoho da katinsa.

Ku kuma tambaya, in an je aka ce "babu maganin", me ke biyo baya? Akwai kantin da za a tura ku? In kun saya da kuɗinku ana mayar muku? Cikin kwana nawa? Ku riƙa ajiye rasit da takardar likita a leda ɗaya da katin.

Haka nan tsoho kan buƙaci babban likita a asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Tarayya da ke Katsina. Mai kati ba ya zuwa can kai tsaye sai da takardar turawa daga asibitinsa na farko da lambar amincewa daga kamfani, in ba gaggawa ba. Ku nemi wannan lamba tun kafin ku hau mota.

KAFIN KU JE GA KAMFANI, KU DUBA NA GWAMNATI

Asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan asusu, wanda ake kira BHCPF. Manufarsa a samu aƙalla asibitin matakin farko ɗaya a kowace mazaɓa, kuma Jihar Katsina na da mazaɓu 361. Ta wannan hanya ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista kyauta, kuma an fi ba da fifiko ga masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman. Guraben ƙayyadaddu ne. Ku tambayi shugaban asibitin mazaɓarku ko kwamitin raya mazaɓa, ku tafi da lambar katin ɗan ƙasa.

Shirin GIFSHIP. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta ƙaddamar da shi a 2020 domin waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba: manoma, 'yan kasuwa, 'yan fansho, ƙungiyoyi, da iyayen da 'ya'yansu ke son biya musu. An fara shi a kan naira 15,000 ga kowane mutum a shekara, an kuma yi ƙari daga baya, don haka ku tambayi farashin yau a ofishin NHIA. A tsarin hukumar, majinyaci na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin jerinta. Wato maganin Inna na 144,000, in duka yana cikin jerin, cikonku 14,400 ne a shekara. Akwai lokacin jira bayan rajista kafin kati ya fara aiki.

Hukumar KATSCHMA. Bayan ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, tana da tsari na masu sana'ar kansu. Amfaninta shi ne tana aiki da asibitocin gwamnati na cikin jiha, waɗanda suka fi kusa da ku.

Gaskiya ita ce, a tsarin gwamnati akan sha layi, kuma wani lokaci magani kan yanke. Na kamfani ya fi sauri da walwala amma ya fi tsada nesa. Kowanne da nasa nauyin.

KE KUMA MAI CIKI FA?

Duk abin da muka faɗa ya shafe ki ta hanya 4.

Na ɗaya, katin kamfani na mutum ɗaya yawanci ba ya ɗaukar awo da haihuwa sai bayan watanni da shiga. In kin riga kin ɗauki ciki, ki tambaya a fili ko wannan cikin na ciki, a kuma nuna miki a rubuce. Ki tambayi iyakar kuɗin tiyatar haihuwa, da ƙarin jini, da jinyar jariri in ya zo bakwaini.

Na biyu, akwai abubuwan da ake bayarwa a wajen awo ko da kati ko babu: ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar rigakafin sandarewar jiki, da ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro wadda ake fara sha bayan ciki ya wuce wata 3, a riƙa maimaitawa duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Rashin kati ba hujjar zama a gida ba ce. A watan Nuwamban 2024 kuma ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Tun kina awo ki tambayi ungozoma wane asibiti ne mafi kusa da ke cikin shirin.

Na uku, kada ki taɓa shan ƙwayar hawan jinin tsohuwa ko ta maigida don an ce jininki ya hau. Wasu daga cikinsu, kamar wadda aka rubuta lisinopril ko losartan a jikin kwalinta, suna lalata ƙodar ɗan tayi. Mai ciki na da nata, irin su methyldopa da nifedipine da labetalol, kuma likita ne ke zaɓa. Idan kin ji ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a saman ciki, a kai ki asibiti nan take. Alamun jijjigar masu ciki ke nan, kuma ba ta jiran wayewar gari.

Na huɗu, ke ma kina iya zama mai shan magani na dogon lokaci. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki namu, suka kuma danganta ƙaruwarsa da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Mai jego da ke haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana buƙatar asibiti, kuma maganinta kan ɗauki watanni. Kanwa da gishiri mai yawa ba su dace da mai jego ba, haka ma tsohuwa mai hawan jini da ke taya ta sha.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. Amurka ta kafa inshorar tsofaffi mai suna Medicare a 1965 domin 'yan shekara 65 zuwa sama, amma ta shafe shekara 40 ba ta biyan maganin da ake tafiya da shi gida. Tsofaffi suka riƙa sayen ƙarin kati wajen kamfanoni ko su biya daga aljihu, har aka yi doka a 2003 wadda ta kawo sashen magani daga 2006. A Ingila wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta, haka ma mai ciki har shekara ɗaya bayan haihuwa. Gana ta kafa nata shirin a 2003, ta ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin zubi, sannan a 2008 ta shigar da masu ciki kyauta. Darasin ɗaya ne: kula da tsoho ba ya cika sai da maganinsa.

TO WANNE ZA A ZAƁA?

Tsoho mai ƙarfi wanda ba ya shan komai, ko yake shan ƙwaya ɗaya mai araha: kati marar magani ya wadatar, tare da ajiyar kuɗin magani a gefe da auna jini duk wata.

Tsoho mai ciwo 2 ko fiye, ko mai allurar insulin: ku nemi tsari mai magani, ku fara da na gwamnati, kuma ku tabbata magungunansa na cikin jerin.

Tsohon da ke ƙauye nesa da asibitin kamfani: katin da ke aiki a asibitin kusa ya fi katin tsada da ke aiki a Kano.

Gidan da kuɗi ba zai isa kati biyu ba, ga mai ciki ga tsohuwa: a fara neman rajistar kyauta wa dukansu. In ba a samu ba, a raba kuɗin gida biyu tun yanzu, na haihuwa daban, na maganin wata daban, kada ɗaya ya ci ɗaya. 'Yan'uwa su zauna su raba nauyin, kowa ya san watan da zai saya. Manomi kuma ya fi dacewa ya biya kuɗin shekara lokacin girbi, sa'ad da masara da waken soya suka shigo hannu, ba tsakiyar damina ba.

TAMBAYOYI 10 KAFIN A BIYA KUƊI

1. Kamfanin na da rajista da hukumar NHIA?
2. Shekara nawa ne iyakar wanda ake ɗauka?
3. Ana biyan maganin hawan jini da na suga? Daga wane wata?
4. Nawa ne iyakar kuɗin magani a shekara?
5. Ga jerin magungunan tsohona, wanne ne ba ya ciki?
6. Akwai cikon da zan riƙa biya?
7. Wane asibiti ne mafi kusa da garinmu a jerinku?
8. Ana ba da maganin wata 3 a lokaci guda?
9. In magani ya yanke, ana mayar da kuɗi?
10. Wace lamba zan kira cikin dare, kuma ana jin Hausa?

Duk amsar da aka ba ku da baki, ku ce a nuna muku ita a takarda. In ba ku karanta Turanci, ku zo da takardar, ma'aikatan ofishin inshora na asibiti za su fassara muku kafin ku sa hannu.

ABUBUWAN TUNAWA

Kada a tsayar da maganin hawan jini ko na suga don an ji sauƙi. Kada a ba wani maganin wani. A ajiye ƙwayoyin tsofaffi inda yara ba sa kaiwa. Allurar insulin ba ta son zafi, in babu firji a sa ta a leda a ɗaure, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai sanyi a inuwa. A sabunta kati tun kafin ya ƙare, domin in ya mutu lokacin jira na iya dawowa sabo. Ranar da kika zo awo, ki taho da Inna a auna mata jini ita ma, mota ɗaya ta yi aiki biyu.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya ba magidanta ikon sauke nauyi, ku kuma masu ciki Allah ya sauke ku lafiya. Amin.